Shekara Ashirin da Shida a Ɗakin Mashaya

Ƙarfe bakwai saura take shiga ƙofar asibitin, jaka a kafaɗa, ƙafarta cikin takalmin roba da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda. Takan wuce ɗakin haihuwa inda dangi suke cika baranda da murna, ta wuce ɗakin yara, ta bi ta bayan wurin wanki tana sunkuyawa ƙarƙashin igiyoyin shanya. Can ƙarshe, jikin katanga, akwai wani ɗaki mai gado shida da taga ɗaya. Babu allo a ƙofarsa. A gaban baƙi ma'aikata ɗakin baya suke ce masa. In sun keɓe kuwa, ɗakin mashaya ne.

Kafin ta gaisa da kowa sai ta yi bincike. Ta ɗaga katifa, ta lalubi cikin matashin kai, ta leƙa tankin ruwan bayi, ta buɗe kowace gora ta kai hanci. Ta taɓa samun giya a kwalbar maganin tari, ta samu a robar man shafawa, ta samu a filas ɗin shayin da uwa ta kawo wa ɗanta da hannunta. Ba ta faɗa. Sai dai ta ɗaga gorar ta ce, "Kai, wannan ruwan naka ya fi na kowa ƙamshi," ta je ta tuttular a kwata, ta dawo ta tambayi mutum ya ya kwana.

Daga nan sai ta bi su gado gado tana cewa a miƙo hannu. Takan ɗora farar takarda a bayan hannun mutum ta tsaya tana kallo. In takardar tana rawa har ta faɗi, ta san yau akwai aiki. Wanda ba ya iya riƙe cokali ita take ba shi a baki. Wanda ya ɓata shimfiɗa ita take canzawa, ta ja labule kada na kusa ya gani.

Sista ake ce mata, marasa lafiya da likitoci duka. Ita muke jinjina wa yau, don a ƙarshen watan jiya ta yi ritaya, kuma ba a tara mutum ko goma an ce mata sannu ba.

Da farko wata uku aka ce ta riƙe ɗakin, kafin wadda take wurin ta dawo daga hutun haihuwa. Waccan ta dawo ta roƙi a canza mata wuri. A asibitin, duk wanda aka tura ɗakin baya yakan ɗauka horo aka yi masa, ya yi ta zarya ofis har a ɗauke shi. Sista ba ta je ofis ba. Da aka tambaye ta dalili bayan wasu shekaru, cewa ta yi, "Na ga in na tafi babu mai zuwa." Iyakar amsarta ke nan.

Mai sharar ɗakin, wadda suka yi shekara goma sha tara tare, ta ce in ana so a san wace ce Sista, a ji labarin tela.

Wata ranar Talata da hantsi aka kawo shi a tasi, an ɗaure masa hannu da igiya. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, siriri, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Yana ta ihu wai kyankyasai suna hawa ƙafarsa, a kakkaɓe masa. Yayansa ne ya riƙo shi, matarsa tana biye da takalmansa a hannu.

Sista ta sa aka kwance igiyar, ta yi masa allura, ta ɗaura masa ruwa. Sannan ta juyo wurin yayan.

"Yaushe rabonsa da sha?"

"Yau kwana uku," in ji shi, da 'yar alfahari a muryarsa. "Ni na kulle shi a ɗaki na riƙe makullin. Na ce ko ya daina ko ya mutu a ciki. Jiya ne ya faɗi yana ta shure-shure yana kumfa, har ya ciji harshensa."

"Saura kaɗan ya zaɓi na biyun," ta ce. "Zauna, Yaya, in yi maka bayani."

Ya ƙi zama. Ya ce shi bai ga bayanin da za a yi masa ba, iskanci ne kawai da son zuciya, gidansu babu wanda ya taɓa kai wannan ƙazanta bakinsa.

Ta ce, "Ban ce ya kyauta ba. Ranar da ya fara, shi ya kai kansa. Amma mai sha daban, wanda giya ta riga ta kama daban. Ƙaninka ya daɗe da daina jin daɗinta. Yanzu yana sha ne don hannunsa ya tsaya, don ya iya wanke fuska ya fita shago. Jikinsa ya saba da ita har ya manta yadda ake zama babu ita. In ka yanke masa ita rana ɗaya babu magani, jikin sai ya haukace, shi ne abin da ka gani jiya. A hankali ake raba su, a gaban mai duba shi. Ciwo ne, Yaya. Ciwon da mutum ya jawo wa kansa ma ai ciwo ne."

Yayan ya ja tsaki ya fita. Matar ce ta tsaya, ta rungume takalman nan a ƙirji, ta ce a hankali, "Sista, zai warke?"

Mai shara ta ce a shekarun da ta yi a ɗakin ba ta taɓa jin Sista ta amsa wannan tambaya da i ba. Abin da ta ce wa matar shi ne, "Wannan karon zai tashi."

Ya kuwa tashi. Kwana huɗu ya yi bai san inda kansa yake ba, a na biyar ya buɗe ido ya nemi ruwa, kunya ta hana shi kallon kowa. A kwana na goma sha biyu Sista ta zo masa da allura da zare daga gida, ta ajiye a kan cinyarsa. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauka, ya lashi bakin zaren, ya kai, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A karo na shida zaren ya shige. Babban mutum ya kifa kai a gwiwa yana kuka, sauran marasa lafiya suna yi masa tafi. Kafin a sallame shi sai da ya ɗinke duk labulayen ɗakin da suka yage, da hannu, ɗinki ƙanana a jere kamar na keke.

Wata bakwai ya yi bai sha ba. Duk ƙarshen wata yakan biyo ta ɗakin da tef ɗin awo a wuya, ya tsaya bakin ƙofa ya miƙa hannuwa biyu yana dariya. "Sista, duba. Ko gilashi a ɗora." Ya yi ƙiba. Aiki ya dawo masa. Matarsa ta zo sau ɗaya da sabuwar riga ɗinkinsa, tana juyawa ana yabawa.

A wata na takwas matar ta kawo shi, ita kaɗai.

Da ya dawo hayyacinsa Sista ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Tela, me ya faru?"

"Babu komai."

"Faɗa kuka yi a gida? Wani ya rasu?"

"Wallahi Sista babu abin da ya faru. Da ma a ce wani abu ya faru, da na samu abin faɗa miki. Na gama wani babban aiki, mai kayan ya zo ya yaba, raina fes. Ina tafiya gida sai na ce ai yanzu na fi ƙarfinta, bari in sha kofi ɗaya in nuna wa kaina. Ban san lokacin da sati biyu ya wuce ba."

Ba ta ce masa ya ba ta kunya ba. Ta ce, "To, yanzu ka san babu kofi ɗaya a wurinka. Mu sake daga farko."

Suka sake. Suka kuma sakewa. Wata uku, ya dawo. Sati shida, ya dawo. Direban motar asibiti ya ce har ya haddace lungun gidan. Likitan da ke leƙo ɗakin sau biyu a mako ya taɓa ɗaga katin tela ya ce, "Wannan kuma? Sista, gadon nan fa akwai masu bukata." Ta ce, "Shi ma mai bukata ne, likita. Sa hannu."

A kwanciya ta huɗu ne matar ta ja Sista bayan igiyoyin shanya. Ta rame, zoben hannunta yana juyawa a yatsa. Ta yi ta murza bakin mayafinta kafin magana ta fito.

"Sista, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni nake sayo masa."

Sista ta matso kusa da ita, matar ta ci gaba.

"Da safe in ya tashi hannunsa ba ya riƙe almakashi. Ya yi ta amai, ya yi ta roƙona kamar ƙaramin yaro. In ya sha rabin kwalba sai ya nutsu ya hau keke, mu samu na cefane. In bai sha ba babu aiki, yara su tafi makaranta haka nan. Sai in rufe fuskata in je can wata unguwa inda ba a san ni ba in sayo. Ni nake kashe shi, ko?"

Mai shara tana tsaye da bokiti ba nisa, ta ce ta zaci Sista za ta yi faɗa. Sai ta ga ta kama hannun matar ta zaunar da ita a kan dakali.

"Ba ke kika ɗora masa ba, ƙanwata, kuma ba ke za ki sauke masa ba. Kin yi abin da kika ga zai kai ku gobe. Amma daga yau in ya tashi da rawar jiki, nan za ki kawo shi, ko sau nawa ne. Ke kuma yaushe rabonki da ki ci abinci ki ƙoshi?"

Matar ta fashe da kuka. Shekara tara da fara wannan bala'i, ba a taɓa tambayar ta ita ya take ba.

Bayan shekara guda ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Ranar ya sayar da kan keken ɗinkin, ya dawo ya tarar da babbar 'yarsa tana kuka, ya ɗaga mata hannu, abin da bai taɓa yi ba. Matar ta biyo ta asibiti kafin ta wuce, kanta a ƙasa, tana jiran a ce mata ta gudu ta bar mara lafiya. Sista ta ce, "Je ki. Ki riƙe yaranki. Shi yana da gado a nan."

Kada mai karatu ya zaci tela kullum mutumin kirki ne a ɗakin. A kwanciya ta shida, cikin ruɗewar kwana na uku, ya ga Sista ta nufo shi da allura ya ɗauka wani abu ne daban. Ya kai mata naushi a fuska. Tabaraunta ya fashe, ya yanke ta a ƙasan ido, ɗinki huɗu aka yi mata. Ma'aikata suka taru a ƙofa suna cewa a kira 'yan sanda, a fitar da shi. Ta danne wurin da auduga ta ce a riƙe mata ƙafafunsa tukuna, allurar ba ta shiga ba. Washegari ta zo aiki da filasta. Mijinta, tsohon direba mai haƙuri, ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana. A na uku ya ce, "Wai ke mutanen nan 'yan'uwanki ne?" Ta ce, "Nasu sun gaji." Tabon yana nan har yau.

Sista, ke ce kika wanke aman mutanen da iyayensu suka daina ambaton sunansu. Ke ce kika ji zagin da ko kare ba a yi wa, da safe mai zagin ya manta, ke ma ki yi kamar kin manta. Uwar waɗanda aka sallama, mai zama inda kowa ya tashi.

A kwanciya ta tara ba rawar jiki ce ta kawo tela ba. Cikinsa ya kumbura ya yi tulu, ƙafafu sun haye, idanu sun koma ruwan ɗorawa. Likita ya duba ya ja Sista gefe ya ce hanta ta gama aiki. Abin takaicin, a lokacin ya yi wata biyu bai sha ba. Ya daina, amma jikin ya riga ya tafi.

Wata rana da la'asar tana goge masa baki, ya ce, "Sista, kin yi asarar wahalarki a kaina."

"Wa ya gaya maka?"

"Shekara shida. Da wani kika yi wa, da ya zama mutum."

Ta matse tsumman a kwano. "Wata bakwai ɗin nan da ka yi, 'yarka ta ce min lokacin ne ka koya mata yanka hannun riga. Yanzu da shi take taimakon uwarta. Wannan ba asara ba ce. Sauran kuma ni ma ban sani ba, Tela. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya ce yana so ya ga yayansa. Rabon da yayan ya tako asibitin tun ranar farko. Sista ta aika, bai zo ba. Ta sake aikawa, shiru. Da ta tashi aiki sai ta hau mota ta je shagonsa na kayan gini, ta tsaya a gaban masu ciniki da fararen kayanta ta ce, "Yaya, ƙaninka ba zai kai Juma'a ba. In fushi ne, za ka samu shekaru da yawa ka yi shi. Ganinsa kuwa kwana biyu ya rage maka."

Ya zo washegari. Ya tsaya a ƙofa yana duba gadajen, bai gane ƙaninsa ba sai da aka nuna masa. Ya zauna a bakin gado. Ya kama hannun ƙaninsa ya riƙe. Can tela ya ce, "Yaya, na yi ƙoƙari fa." Yayan ya rufe fuska da hularsa yana kuka.

Ranar Alhamis da azahar ya fara aman jini. Kafin la'asar ya cika. Sista ce ta rufe masa ido. Mai shara ta ce daga nan ta ga ta shiga bayi ta kunna famfo ta daɗe. Da ta fito ta cire zanen gadon ta shimfiɗa wani, don akwai wanda yake kwance a benci tun safe yana jiran wuri.

Irin tela ba sa ƙirguwa a ɗakin nan. Malamin makaranta, akanta, mai gyaran rediyo, wata mata mai sayar da kayan miya da ta yi shekara goma tana ɓoyewa ko mijinta bai sani ba. An tambayi Sista nawa ne suka rabu da giya har abada a hannunta. Ta ce ita ba ta cewa har abada, sai dai ta ce har yau. Waɗanda ta tabbatar da su, in ji ta, ba za su cika motar haya biyu ba. A shekara ashirin da shida.

Su ɗin ma ba su zo ranar sallamarta ba, kuma ba ta ga laifinsu ba. Akwai wani makanike da ya yi shekara goma sha ɗaya bai sha ba, yanzu da garejinsa da iyalinsa. Ta haɗu da shi a kasuwa yana tare da surukinsa. Suka haɗa ido, ya kau da kai ya shige wani layi. 'Yarta da ke tare da ita ta ji haushi ta ce, "Mama, ba wannan ne kika yi jinya ba?" Ta ce, "Rufe bakinki. In ya gaishe ni sai a tambaye shi ina ya san ni." Shi ya sa ba a jin labarin Sista a gari. Waɗanda suka tsira ba sa so a san sun san ta, sauran kuma suna ƙasa.

Mako biyu kafin ta ajiye aiki aka kira ta ofis. An duba, ba a samu wanda ya yarda ya karɓi ɗakin ba, don haka za a mai da shi sito, a zuba tsofaffin gadaje da fayil-fayil. Masu irin wannan ciwo za a riƙa kwantar da su a babban ɗakin maza, inda nas ɗaya take duba mutum talatin. Sista ta san abin da hakan yake nufi: wanda ya fara ihu za a ɗaure shi a gado, wanda ya dame su a sallame shi. Ta roƙi a ba ta ko wata shida ta koya wa wani. Aka ce ai babu wanin da za a koya wa. Ta zauna ta rubuta shafi huɗu da hannunta, abin da ake lura da shi a kwana na farko, da na biyu, da na uku, ta kai wa nas ɗin babban ɗaki. Yarinyar ta karɓa da ladabi ta sa a aljihun tebur, ana ta kiran ta daga gado uku a lokaci guda.

Ranar ƙarshe mutum biyu suka rage a ɗakin. Ita ta tura su a keken marasa lafiya zuwa babban ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. Na biyun, wani dattijo mai gadi, ya riƙe gefen rigarta ya ce, "Sista, in na sake faɗuwa wurin wa zan zo?" Mai shara ta ce Sista ta gyara masa mayafi kawai, ta juya ta fita.

Sista, mun gode. Mun gode a madadin tela da ba zai iya faɗa ba, da makanike da ba zai faɗa ba, da matan da kika zaunar a kan dakali kika tambaye su ko sun ci abinci. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ko da yake 'yarki ta ce har yanzu ƙarfe shida kike shiryawa, sai ki zauna a tsakar gida da jaka a cinya.

Ku kuma masu karatu, musamman 'yan makarantar koyon jinya da kuke shirin fitowa, ba za mu ce muku aikin nan yana da daɗi ba. Yawancin waɗanda za ku yi wa wahala za su koma, da yawa za ku rufe musu ido da hannunku, wanda ya tsira zai wuce ku a hanya. Duk da haka muna roƙo, wani cikinku ya tashi ya je ofis ya ce a ba shi ɗakin baya. Mai gadin nan an sallame shi makon jiya, kuma hanyar gidansa ta gaban mashaya ta bi.